ILMI KAFIN AGAJI: GARGAƊI GAME DA GOBARAR INJUNA MASU AIKI DA GAS

 

Ya 'yan'uwa masu karatu, tun daga ranar 29 ga watan Mayu, 2023, da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya bayyana janye tallafin man fetur, al'amarin duk wani mai neman abinci da inji ya sake a ƙasar nan. Litar fetur da ake saye ƙasa da Naira 200 ta kai wajen Naira 500 cikin 'yan kwanaki, sa'an nan ta haura Naira 1,000 a cikin shekarar 2024. Da wuya ta yi wuya sai jama'a suka juya ga iskar gas. A watan Agusta na 2023 Gwamnatin Tarayya ta amince da shirin mayar da motoci su riƙa aiki da gas ɗin da ake kira CNG, talakawa kuma suka samo tasu dabarar tun kafin shirin ya iso gare su. Mai shago ya haɗa janaretonsa da tukunyar gas ta girki, manomin rani ya ɗauki tukunya zuwa fadama ya haɗa ta da injin ban-ruwa, direban tasi da mai A Daidaita Sahu suka ɗaura tukwane a bayan kujera, manyan motocin dakon kaya su ma suka bi sahu.

Ba mu ga laifin kowa a kan wannan ba. Gas arziki ne da ƙasarmu take da shi mai yawa, ya fi fetur araha, hayaƙinsa kuma ya fi sauƙi. Abin da ya tayar mana da hankali shi ne injunan sun sake makamashi, alhali kuwa halayyarmu a wurin haɗari tana nan yadda take tun zamanin da gobara ba ta wuce ta danga da rufin ciyawa ba. Muna ganin lalle ne a faɗi wannan magana tun yanzu, kada ta zama ihu bayan hari.

MINTI GOMA NA FARKO

Kowa ya san cewa idan haɗari ya auku a garuruwanmu, ba 'yan kwana-kwana ne ke fara isa wurin ba. Waɗanda ke fara isa su ne mai shayi, da ɗan acaɓa, da masu fitowa daga masallaci, da yaran unguwa. Kafin motar kashe gobara ta ratsa cunkoso ta iso, idan ma akwai ta a wannan yanki, minti goma ko ashirin sun wuce, kuma a cikin waɗannan mintoci ne ake yanke hukuncin ko haɗarin zai tsaya a kan inji guda ko zai ci rayukan mutane da yawa. Saboda haka agajin gaggawa na haƙiƙa a hannun jama'ar gari yake.

Al'adarmu kuwa ita ce da an ji ihun gobara kowa ya sheƙo a guje, wannan da bokiti, wancan da ƙasa a kwano, wani da ganyen darbejiya. Wannan hali ne na kirki, ya kuma ceci gidaje masu yawa. Amma gobarar gas tana da nata hukunci daban. A wurinta yawan jama'a shi ne yawan waɗanda za su mutu, kuma wanda ya fi kowa zuciyar taimako shi ya fi kowa kusa da halaka. Maganarmu a taƙaice ita ce: a gobarar gas, taimakon da ba a gina shi a kan ilmi ba ɓarna ne, kuma sau da yawa babban taimakon da mutum zai yi shi ne ya ja da baya, ya kuma janye wasu tare da shi.

GAS IRI BIYU NE, HUKUNCINSU BA ƊAYA BA NE

Farkon abin da ya wajaba a sani shi ne abin da muke kira gas da suna ɗaya, iri biyu ne masu saɓanin ɗabi'a.

Na farko shi ne gas na girki, watau LPG, wanda ake haɗawa da janareto da injin ban-ruwa. A cikin tukunya ruwa-ruwa yake, idan ya fito ne yake zama iska, kuma lita ɗaya ta ruwansa tana zama iska wajen lita 250. Ya fi iskar da muke shaƙa nauyi da kimanin ninki ɗaya da rabi zuwa biyu, don haka ba ya tashi sama. Kwanciya yake yi, ya bi ƙasa kamar ruwa, ya gangara cikin kwata da lambatu da rami da rijiya, ya taru a can. Yana iya tafiya mai nisa har ya tarar da murhun mai ƙosai ko guntun taba, wutar kuma ta biyo shi a guje ta dawo har inda ya fito. Kashi biyu cikin ɗari kacal na wannan gas a cikin iskar ɗaki ya isa ya kama. Manoman da ke saukar da injin ban-ruwa cikin rami domin ya kusanci ruwa su lura da wannan ƙwarai, domin ramin nan shi ne matattarar gas idan tiyo ya tsage.

Na biyu shi ne CNG na motoci. Shi iska ne ko a cikin tukunya, sai dai an danne shi da matsi mai tsanani, wanda ya ninka na tayar ƙaramar mota wajen sau tamanin zuwa ɗari. Ya fi iska rashin nauyi, saboda haka idan ya tsiyaye a fili yakan tashi ya watse, wannan kuwa rahama ce. Amma idan motar tana cikin gareji, ko ƙarƙashin rumfar kwano, ko a rufe da gilasai, sai ya taru a sama, yana kuma kamawa idan ya kai tsakanin kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari na iskar wurin. Babban haɗarinsa shi ne ƙarfin matsin nan: tukunyar da ba ta inganta ba tana iya tarwatsewa ko babu wuta ko kaɗan.

Daga nan mai hankali zai gane cewa tukunyar girki ba ta ɗaukar CNG har abada. An yi ta ne da ƙarfen da aka haɗa da walda, domin matsin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na CNG ba, alhali tukunyar ƙarfe ta CNG ba ta da ɗinkin walda a jikinta sam. A watan Oktoba na 2024, a unguwar Aduwawa ta birnin Benin, wata mota ta tarwatse ana cikin ɗura mata gas a gidan mai, mutane suka ji munanan raunuka, hukumomi kuma suka bayyana cewa tukunyar da ke jikinta ƙirar masu walda ce, ba wadda aka amince da ita ba. Hausawa sun ce araha ba ta ado. A wannan fage kuwa araha kisa take yi.

YADDA TUKUNYA KE FASHEWA

Mutane da yawa suna zaton idan sun ga harshen wuta yana fita daga tukunya, to, abin da ake tsoro ya riga ya faru. Wannan kuskure ne mai tsada. Idan wuta ta kewaye tukunyar gas na girki, ruwan da ke ciki yakan tafasa, matsi ya yi ta hauhawa, ƙarfen ɓangaren sama kuma, inda babu ruwan da zai sanyaya shi, ya yi laushi. Idan ƙarfen ya gaza sai tukunyar ta tsage gaba ɗaya, ruwan ya zama iska a ƙiftawar ido, wuta ta tashi dunƙule guda, gutsattsarin ƙarfe kuma su yi tsalle mai nisa. Wannan yakan faru ne mintoci bayan kamawar wutar, watau daidai lokacin da 'yan kallo suka gama taruwa.

Ko ƙwararru ba su tsira daga wannan ba. A watan Yuli na 1973, a garin Kingman na jihar Arizona a Amurka, wuta ta kama wani taragon jirgin ƙasa mai ɗauke da gas. 'Yan kwana-kwana suna cikin ƙoƙarin sanyaya shi ya tarwatse, 11 daga cikinsu suka rasa rayukansu, 'yan kallo da dama da ke tsaye a bakin hanya suka ƙone. Daga irin waɗannan darussa ne aka tsara ƙa'idojin nisa. Littafin jagorar agajin gaggawa da hukumomin sufuri na Amurka da Kanada da Meksiko suke fitarwa ya ƙayyade cewa idan gas mai kamawa yana tsiyaya, a nisantar da mutane aƙalla mita 100 ta kowace fuska, watau tsawon filin ƙwallo guda. Idan kuwa tankar gas ce wuta ta kama, nisan ya zama mita 1,600, watau mil guda cur. To, a auna wannan da yadda muke tsayawa taku ashirin daga mota mai ci da wuta muna ɗaukar hoto da waya.

Tukwanen CNG na ƙwarai suna da wani makulli na tsaro da ke buɗewa da kansa idan zafi ya kai wajen digiri 110, domin gas ya fita kafin tukunya ta fashe. Idan ya buɗe, wuta takan fito da ƙara mai firgitarwa, ta miƙe kamar mashi tsawon taku da yawa. Wanda ya tsaya a saitinta ya halaka. Wannan ƙara alama ce ta a ƙara nisa, ba alama ce ta a matso da bokiti ba.

ABIN DA IDONMU YA GANI

Ba sai mun je Amurka neman misali ba. A ranar 4 ga Janairu, 2020, gas ya fashe a wani shagon sayar da shi a Sabon Tasha ta Kaduna, ya kashe mutane, cikinsu har da Farfesa Simon Mallam, shugaban Hukumar Makamashin Nukiliya ta Ƙasa, wanda ke wani shagon aski a kusa. Wannan ya nuna mana cewa gas ba ya tambayar wane ne mai shi, maƙwabci da mai wucewa duk nasa ne.

Sai kuma musibu biyu da har yanzu zukata ba su warke daga gare su ba. A daren 15 ga Oktoba, 2024, tankar fetur ta faɗi a Majiya, cikin Ƙaramar Hukumar Taura ta Jihar Jigawa, jama'a suka taru a kanta, wuta ta tashi, fiye da mutum 150 suka rasu. Wata uku bayan haka, ranar 18 ga Janairu, 2025, irin wannan ta sake aukuwa a mahaɗar Dikko ta Jihar Neja, fiye da mutum 80 suka rasu, rahotanni kuma suka nuna cewa an tayar da janareto a wurin domin juye man zuwa wata tanka. Allah Ya ji ƙansu. Mun sani fetur ne ya ƙone a waɗannan wurare biyu, ba gas ba. Dalilin kawo su shi ne a duka biyun faɗuwar motar ba ita ce ta kashe jama'a ba, taruwar da aka yi bayan faɗuwar ita ce ta kashe su, kuma a cikin mamatan akwai waɗanda kallo ko ceto ne ya kai su. Idan wannan ne halinmu da fetur da ido ke gani yana malala, yaya zai kasance da gas da ba a ganinsa?

ABIN DA YA KAMATA A YI

Hali na farko shi ne a ji warin gas ko ƙarar fitarsa, wuta ba ta kama ba. Wannan shi ne lokaci mafi haɗari, ko da yake ya fi kama da lafiya. Direba ya kashe mota nan take, ya fitar da fasinjoji, ya bar ƙofofi a buɗe. Mai janareto ko injin ban-ruwa ya rufe makullin da ke kan tukunya idan hannunsa zai kai ba tare da ya kutsa cikin gas ɗin ba. Kada a ƙyasta ashana, kada a taɓa makunnin lantarki, ko don kunnawa ko don kashewa, domin tartsatsin da ido ba ya gani ya isa. Kada a tayar da wata mota ko babur a kusa. A kashe murhu da gawayin masu sana'a da ke kewaye. A buɗe ƙofofi da tagogi idan a ɗaki ne. Jama'a su koma ɓangaren da iska ke fitowa, su nemi tudu su bar gangare. Wanda zai buga waya ya yi nisa tukuna, sa'an nan ya kira 112, lambar gaggawa ta ƙasa, ko 122 ta Hukumar Kiyaye Haɗurra idan a kan hanya ne, ya kuma faɗi a fili cewa gas ne, ya faɗi irinsa idan ya sani.

Hali na biyu shi ne wuta ta riga ta kama. A nan akwai ƙa'idar da ke ba mutane mamaki: ba a kashe harshen wutar gas matuƙar ba a iya tsayar da fitar gas ɗin ba. Dalili kuwa shi ne wutar tana cinye gas ɗin da ke fita. Idan aka kashe ta gas na ci gaba da tsiyaya, sai ya taru ya cika wuri, ya sake kamawa gaba ɗaya, na biyun kuma ya fi na farko muni nesa ba kusa ba. Maganin wutar gas shi ne rufe makulli. Idan wutar ƙarama ce, a farkon kamawarta, makullin kuma yana kusa, mutum ɗaya ya naɗe hannu da jiƙaƙƙen tsumma ya rufe shi. Idan wuta ta riga ta lulluɓe tukunya, ko ƙarar ta ƙaru, ko launin ƙarfe ya fara sakewa, to, lokacin dabara ya wuce, babu abin da ya rage sai gudu da korar jama'a. Sanyaya tukunya da ruwa aikin 'yan kwana-kwana ne, da mesa mai harbi daga nesa, daga bayan abin kariya. Ruwan bokiti ba ya isa, yana dai kawo mai ɗauke da shi kusa da ajalinsa. Kuma ko bayan wuta ta mutu, tukunyar da ta sha zafi ba abin taɓawa ba ce, balle yara su ɗauke ta zuwa wurin 'yan gwangwan.

Hali na uku shi ne kula da wanda ya ƙone. Wanda wuta ta kama tufafinsa kada ya ruga, ya kwanta ya yi birgima, a lulluɓe shi da bargo ko babbar riga. A zuba wa ƙunar ruwa mai tsabta mai ɗan sanyi har tsawon minti ashirin, ban da ƙanƙara. A cire zobe da agogo kafin wurin ya kumbura, amma kada a fizge tufafin da ya manne da fata. A rufe da ƙyalle mai tsabta a nufi asibiti. Muna roƙon jama'a su bar shafa ɗanyen ƙwai, da man goge baki, da gishiri, da baƙin mai, da ƙullin koko a kan ƙuna, domin suna riƙe zafi, suna jawo ruɓa, suna kuma wahalar da likita. Wanda ya shaƙi zafi ko hayaƙi, muryarsa ta dushe ko gashin hancinsa ya babbake, a gaggauta da shi ko da jikinsa bai nuna ƙuna ba, domin maƙogwaro yana iya kumbura ya toshe daga baya. Ruwan gas na girki kuma yana ƙona fata da tsananin sanyi, irin wannan ƙuna da ruwa mai ɗumi-ɗumi ake bi da ita, ba a murza ta. Ya kamata kowa ya sani cewa Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa.

AMSA GA MASU SHUBUHA

Wani zai ce: ashe kuna koya wa mutane ragwantaka ke nan, mutum ya ga ɗan'uwansa cikin wuta ya juya baya? Amsa ita ce ba mu ce a bar wanda za a iya ceto ba. Idan akwai mutum a cikin mota, wuta kuma ba ta kai ga tukunya ba, mutum biyu ko uku masu natsuwa su shiga ta ɓangaren da iska ke fitowa, su kauce wa saitin tukunya, su fito da shi da sauri su yi nisa. Abin da muke hanawa shi ne mutum ɗari su tsaya a bayansu suna kallo, da kuma komawa domin ceton buhun kaya ko cinikin rana. Malaman usulu, irin su Imam Gazali da Imam Shaɗibi, sun lissafa kiyaye rai cikin larurori biyar da shari'a ta zo domin tsare su, sun kuma gabatar da shi a kan kiyaye dukiya. Ran mai ceto shi ma rai ne. Wanda ya tsaya a bakin hanya ya tare jama'a, ya sha zagi da tsaki, ya hana mutum hamsin matsawa, ya yi jarumtakar da ta fi ta wanda ya faɗa wuta da bokiti.

Wani kuma zai ce: ai komai ƙaddara ne, wanda kwanansa ya ƙare ko yana kan gadonsa zai tafi. Mun yi imani da ƙaddara, amma ƙaddara abin haƙuri ce bayan musiba ta auku, ba hujjar sakaci ba ce kafin ta auku. Riƙo da sababi yana cikin tawakkali. Ga misali daga wuri mafi tsarki. A watan Afrilu na 1997, lokacin aikin Hajji, gobara ta tashi a Mina, aka danganta ta da tukunyar gas ta girki, ta cinye dubban tantuna, alhazai fiye da 340 suka rasu. Hukumomin Saudiyya ba su tsaya ga ta'aziyya ba. Sun sake tantunan Mina da irin waɗanda wuta ba ta saurin ci, suka kuma hana shiga da tukwanen gas wuraren ibada a kwanakin Hajji. Ba wanda ya ce da su sun yi jayayya da ƙaddara. Mu kuwa sau nawa muka binne 'yan'uwanmu a kabari guda, aka yi jawabai, aka watse, ba a sake komai ba?

KIRA

Muna kira ga gwamnatocin jihohi da su gane cewa wanda ya kwaɗaitar da jama'a komawa ga gas, wajibi ne ya tanadi masu kashe wutarsa. A horar da 'yan kwana-kwana a kan bambancin nau'o'in gas, a ba su na'urar gane tsiyayarsa da mesa mai harbi daga nesa, a kuma kafa tashoshinsu a manyan mahaɗun hanya da ƙananan hukumomi, kada su taƙaita ga babban birnin jiha. Lambar gaggawa kuma ta zama idan an kira ana ɗauka.

Muna kira ga hukumar da ke lura da harkar mai da gas, da Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki, da Hukumar Kiyaye Haɗurra, da su tsananta a kan masu haɗa tukwane a bayan fage, su kuma tilasta manna alama bayyananna a gaba da bayan kowace mota mai aiki da gas, domin mai kawo agaji ya san abin da yake tunkara tun daga nesa. Masu gidajen ɗura gas kada su ɗura wa motar da ba su duba tukunyarta da takardarta ba, kuma a sauke fasinjoji kafin a fara ɗurawa.

Muna kira ga makanikai da masu walda da su ji tsoron Allah. Malaman fiƙihu sun ɗora lamuni a kan mai sana'ar da ya yi sakaci ko ya kutsa cikin aikin da bai iya ba. Wanda ya ɗaura tukunyar jabu a motar haya domin ribar 'yan dubbai ya sani cewa rayukan fasinjojin nan suna wuyansa. Mai inji kuma ya duba wa'adin da aka buga a jikin tukunyarsa, ya ajiye ta a tsaye, a inuwa, nesa da salansa, ya sake tiyo idan ya tsufa, ya gwada tsiyaya da ruwan sabulu, ba da ashana ba. Janareto kuwa, ko da gas yake aiki, hayaƙinsa yana kisa a rufaffen wuri, a waje ake ajiye shi.

Muna kira ga shugabannin ƙungiyoyin direbobi, da na masu A Daidaita Sahu, da na manoman rani, da sarakunan kasuwa, da su sa wannan darasi cikin tarukansu, su kuma tanadi abin kashe gobara mai hoda a kowace tasha, tare da mutanen da suka san lokacin amfani da shi da lokacin barinsa.

A ƙarshe muna kira ga kanmu. Muna da rundunar 'yan agaji a kusan kowace unguwa da ƙauye, matasa masu ɗa'a da suka saba tsara sahun dubban mutane a wurin wa'azi da filin Idi, jama'a kuma suna jin maganarsu. Babu wanda ya fi su dacewa da aikin da aka fi buƙata a wurin gobarar gas, watau killace wuri, da tare hanya, da mayar da 'yan kallo baya, da buɗe wa motar kashe gobara hanya. Ya kamata kowane reshe ya gayyaci jami'an kashe gobara na jiharsa su koyar da 'yan agaji a aikace, a kuma maimaita lokaci bayan lokaci har abin ya zauna. Ceton rai farali ne na kifaya, abin da farali ba ya cika sai da shi kuwa, shi ma ya zama wajibi, a nan kuma abin shi ne ilmi. Limamai su ware minti biyar bayan salla su bayyana wa jama'a, malaman Islamiyya su koya wa yara da mata, domin su ne suka fi zama kusa da janareto da tukunya a gida.

Hausawa sun ce idan ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Gemun 'yan'uwanmu ya kama a Kaduna da Benin da Majiya da Dikko, tukwanen gas kuma kullum ƙaruwa suke yi a titunanmu da gonakinmu. Wanda ya karanta wannan ya isar ga wanda bai karanta ba, musamman direba da manomi da mai shago na kusa da shi.

Allah Ya ji ƙan waɗanda suka rasu, Ya ba masu jinya lafiya, Ya kare mu daga wutar duniya da ta lahira, Ya kuma sanar da mu abin da zai amfane mu.